Makullin Ruwan Kuala Sentang

Ƙarfe uku saura kwata na ranar Juma'a aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Kuala Sentang, aka ce an tsinci gawa a gidan ruwa. Sufeto Kamsani bai jima da dawowa daga masallaci ba, kwance ganyen ayabar da aka ƙunso masa shinkafar kwakwa ke nan da ya yi. Ya dubi shinkafar, ya dubi wayar, ya mayar da ƙunshin yadda yake. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, bai taɓa ganin gawar da ta yi kara ta jira a gama cin abinci ba.

Saja Nyalong ne ya ja motar. Mutumin jihar Sarawak ne, Kirista, don haka tsaron ofis na kowace Juma'a da rana shi aka yanka wa tun ranar da aka kawo shi, ba tare da an rubuta hakan a wata takarda ba.

A ɗakin ajiyar magani suka iske gawar. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin da biyar, yana kwance rigingine a tsakar siminti. An fasa masa kai ta wajen kunnen hagu, jinin ya malala ya haɗu da farin garin da ke zube a ƙasa, ya yi kauri kamar ƙullu. Yatsu uku na hannunsa na dama a karye suke, kowanne ya kalli inda ya ga dama. An fito da aljihunansa duka waje, an yage na rigar. Agogonsa yana hannu yana tafiya, jakar kuɗinsa tana gefe ba a buɗe ba.

"Ba ɓarawo ba ne," in ji Nyalong.

"Ɓarawo ne, sai dai ba kuɗi ya zo nema ba. Dubi yatsun nan. An tambaye shi wani abu, ya ƙi faɗa."

Wani dattijo yana tsaye a bakin ƙofa, yana murza hularsa kamar zai tatsi ruwa daga cikinta. Shi ne Pak Sudin, wato Baba Sudin, mai kula da injuna, wanda ya bugo wayar.

"Wane ne wannan, Pak?"

"Thanabalan ne, yallaɓai, mai gwajin ruwa. Duk Juma'a sha biyu da kwata muke fita masallaci, har da mai gadi, mu bar masa gidan shi kaɗai. Shekara goma sha tara ke nan. Yakan ce mu je mu roƙa masa, shi zai tsare mana famfo."

"Wannan garin fa?"

"Garin haƙori ne."

Haka kowa ke kiran sinadarin fulorayid a garin. Gwamnati ta ce a riƙa saka ɗan kaɗan a ruwan famfo don kada haƙoran yara su ruɓe, wani inji kuma ke barbaɗa shi a awo, abin da bai fi a ce an ɗiga gishiri a kogi ba. Injin yana nan a kusurwar ɗakin. Kamsani ya leƙa bakinsa, ya ga gizo-gizo ya yi saƙa har hawa biyu.

"Yana aiki?"

"Yana aiki, yallaɓai," in ji Pak Sudin, idonsa a kan hularsa.

Kamsani bai ja maganar ba. Ya dai ƙirga buhunan da suka rage, guda uku, sa'annan ya ƙirga shatin da buhu ke bari a ƙasa idan ya daɗe a wuri ɗaya. Shati ashirin da biyu, fes, ko ƙura ba ta kai ga rufe su ba.

Manajan gidan ruwan, Encik Shahrom, wato Malam Shahrom, yana jiransu a ofishinsa cikin rigar Juma'a mai dogon hannu, an ɓalle maɓallanta har wuyan hannu. Mutum ne mai tsafta da iya gaisuwa. Bai taɓa karantar aikin injiniya ba. Daga teburin akawu ya hau, mataki-mataki, ta hanyar da ba ta taɓa yaudarar kowa ba, wato aika rahoto a kan kari, kuma rahoton ya faɗi abin da ake son ji.

A jikin bangon ƙofarsa akwai wani ƙaramin famfo da kofin tagulla ɗaure da sarƙa, wanda ke jawo ruwa kai tsaye daga babban tanki. Kowa a Kuala Sentang ya san kofin nan. Duk baƙon da ya shigo, ɗan majalisa ne ko 'yan makaranta, sai Encik Shahrom ya tara ya sha a gabansa, sa'annan ya miƙa masa. Hotunan hakan sun cika bango. Kamsani kansa ya sha, shekara biyu da suka wuce, da ya zo binciken satar waya.

Yau kuwa Manaja ya buɗe firji ya ɗauko ruwan roba biyu.

"Ku sha, Sufeto. Wannan rana ba ta yi mana kyau ba."

"Ina kake tsakanin sha biyu da biyu da rabi?"

"Masallacin bakin kasuwa. Ina kuma zan kasance? Amma ka bar wannan tukuna, akwai abin da ya fi shi gaggawa. Wanda ya kashe Thanabalan ya rufe babban bawul, ya naɗe shi da sarƙa, ya ɗana kwaɗo, ya tafi da makullin. Tun ɗaya da 'yan mintoci ko ɗigo bai fita daga babban tanki ba. Yanzu gari yana sha ne daga ƙaramin tankin kan tudu, shi kuwa ƙarfe shida zai ƙafe. Mutum dubu tamanin, Sufeto, da asibiti mai masu wankin ƙoda. Ka ba ni izini in sa a datse kwaɗon."

"Wa kake zato?"

"Zato? Tsoho Yeoh mai gidan shayi. Shekara tara yana rubuta takardun ƙorafi wai muna zuba wa jama'a guba. Duk Juma'a yana tsaye a ƙofarmu da kwalinsa. Makon jiya ya ce wa marigayin sai ya cusa masa garin a baki. Mutum goma sun ji."

"A gwada ruwan mana kafin a buɗe."

"Wa zai gwada? Mai gwajin ga shi can a kwance, kayan aikinsa an farfasa. Ɗakin gwaji na jiha kuwa sai gobe."

Kamsani ya ajiye robar ba tare da ya buɗe ba. A gefen teburin akwai wani kwanon gilashi mai faɗi, da duwatsun ado da ciyawar roba a ciki, ruwan ya kusa ƙarewa, babu wani abu mai rai a cikinsa. Ya dube shi ya kawar da kai.

"Kwaɗon shaida ne. Kada a taɓa sai na ce."

Kafin ya kai mota, shugaban 'yan sandan gunduma ya kira shi. Manaja ya riga ya kai ƙara sama, sama kuma ta yi abin da ta saba, ta jefo nauyin ƙasa.

"Kamsani, na ba ka zuwa biyar da rabi. In ba ka kawo mini dalili ba, a datse. Ba za a ce a zamanina gari ya kwana ba ruwa saboda kwaɗon da kuɗinsa bai wuce ringgit biyar ba."

Tun daga kan kwana suka jiyo ihu. Labari ya riga su isa kasuwa, kuma a hanya ya ƙara ƙiba. Wajen mutum talatin, dangin Thanabalan da waɗanda ba su taɓa gaishe shi ba, sun rufe gidan shayin Yeoh. An tarwatsa tebura, an kifar da tukunyar ruwan zafi, wani yana dukan gilashin sayar da burodi da ƙafar kujera kamar gilashin ne ya yi kisan. An jawo tsohon waje da wuyan singiletinsa, fuskarsa jina-jina, wani ƙato ya take masa hannu, wani kuma ya ɗaga bulon siminti sama.

Nyalong bai tsaya kashe mota ba. Ya shige su da kafaɗa, ya kwashe ƙafafun mai bulon, bulon ya sauka a kan yatsun mai shi. Wani ya sauke masa kwalba a ƙeya, ya juyo ya ba shi gwiwar hannu a hanci, aka ji ƙas. Kamsani ya zare bindiga ya saki ɗaya a sama. Wurin ya yi tsit, sai kukan mai bulo.

"Duk wanda ya ƙara taku ɗaya, a asibiti zai ji ƙarshen labarin. Wane ne babba a cikinku?"

Ƙaton da ya take hannun tsohon ya ɗaga ƙafa. "Ni ne ƙanen marigayin. Wannan tsohon banzan ne ya kashe mini wa."

"Ka gani da idonka?"

"An faɗa."

"To ni ma an faɗa mini kai ne ka fi kowa hankali a gidanku. Ka ga ashe ba duk abin da aka faɗa ba ne gaskiya. Je ka tsaya wa gawar ɗan'uwanka a asibiti."

Suka saka Yeoh a bayan mota. Gira ta tsage, leɓe ya kumbura, amma bakin bai mutu ba.

"Ban je ko'ina ba yau, Sufeto. Ina shagona tun safe. Tambayi kowa."

"Na tambayi kwalinka. Ga shi can a jingine, taɓon jar ƙasar ƙofar gidan ruwa bai bushe a sandarsa ba. Tsoho, ko ka faɗa mini, ko in sauke ka ka faɗa musu."

Tsohon ya dubi taron ta gilashi, ya haɗiyi yawu mai jini.

"Na je. Duk Juma'a ina zuwa. Shi yana ciki, ni ina waje, mu zagi juna ta tsakanin ƙarfen ƙofa. Ya ce mini jahili, in ce masa ɗan guba, sa'annan in miƙa masa kofin gahawa, shi kuma ya miƙo mini wainar da matarsa ta soya. Shekara tara. Wa zan kashe? In na kashe shi da wa zan yi faɗa?"

"Yau me ya faru?"

"Bai fito ba sai ɗaya ta gota. Ya zo a guje, ba ko takalmi, ya kama ƙarfen ƙofa ya ce, 'Tsohon kawai, shekara tara kana ƙarya, yau ka yi gaskiya. Kada ka sha, kada ka dafa wa kowa.' Na ce ya tsaya ya yi mini bayani, ya ce zai je ya bugo wa Hukumar Lafiya waya. Ya juya, sai na ji an kira sunansa daga wajen ɗakin ajiya."

"Muryar wa?"

"Kunnena ya tsufa. Amma idona bai tsufa ba. Farar motar Manaja tana bayan rumfar janareta, inda ba a saba ajiye ta ba."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ni? Mutumin da gari ya mayar mahaukaci? In ce Manaja ba ya masallaci ranar Juma'a? Ai da bulon nan ya sauka tun ɗazu."

Biyar saura kwata, suna hanyar komawa, Dakta Prema ta asibitin gari ta kira. Mace ce da ba ta ɓata kalma, ko ga masu rai.

"Sufeto, mutuminka duka uku aka yi masa da ƙarfe mai nauyi, na biyun ne ya kashe shi, na ukun ɓarna ce kawai. An karya yatsun yana da rai. Sa'annan na ɗauki hoton wuyansa. Akwai makulli a maƙogwaronsa."

"Cusa masa aka yi?"

"Haɗiya ya yi. Wanda aka cusa wa ba ya barin haƙora lafiya, nasa kuwa talatin da biyu cif, ko ɗaya bai girgiza ba."

Kamsani ya kashe wayar ya juya ga Nyalong.

"Saja, idan mutum ya kulle ƙofa ya haɗiye makulli, me yake nufi?"

"Ba ya son a buɗe, yallaɓai."

"To mu kuma an ba mu minti arba'in da biyar mu buɗe."

A bayan ɗakin gwaji suka tarar da Pak Sudin a tsugune. Gabansa kyanwar gidan ruwan ce, ta miƙe ta sandare, kumfa a bakinta, ga amai a gefe da ƙayoyin kifi a ciki. Cikin kwatar da ke kusa kuma ƙananan karfasa ne masu ruwan toka, fiye da goma, duk ciki a sama.

"Daga ina kifin nan?"

Dattijon ya miƙe ya shige ɗakin gwaji, suka bi shi. Kwalabe da bututun gilashi duk an niƙe su a ƙasa. Abu ɗaya aka bari lafiya: wani akwatin gilashi a jikin bango, wanda siririn bututu ke kawo masa ruwa daga bakin babban tanki. Haka ake yi a gidan ruwa. Kifi ba ya karanta rahoto, ba ya kuma sa hannu a kansa. Idan ruwa ya ɓaci sai kawai ya mutu, ma'aikata su gani. A cikin akwatin, wasu jajayen kifaye huɗu masu jelar siliki suna yawo hankali kwance.

"Waɗannan ba namu ba ne," in ji Pak Sudin. "Namu karfasa ne, Thanabalan ke kamo su a rafi. Waɗannan na ado ne."

"Na ga gidansu ɗazu a kan teburin Manaja," in ji Kamsani. Ya shafa bututun, ya ji a bushe. An murɗe kansa an rufe. Ruwan da ke cikin akwatin daga wani wuri aka juyo shi. "Pak, ɗazu na tambaye ka inji, ka amsa wa hularka. Yanzu ni za ka amsa wa."

Dattijon ya zauna a kan kujerar marigayin, ya fashe da kuka irin na wanda ya manta yadda ake yi.

"Wata bakwai ke nan da ya mutu, yallaɓai. Mun rubuta a gyara. Manaja ya ce wannan shekarar ce za a ba gidan lambar yabo ta jiha, ba ya son kalmar 'lalacewa' ta fito a takarda. Thanabalan ya riƙa rubuta sifiri a littafinsa, Manaja ya riƙa aika wa hedikwata cewa awo daidai yake. Jiya sai ga takarda: gobe Asabar likitocin haƙori na Hukumar Lafiya za su zo su auna ruwan makarantu, su kuma duba ɗakin ajiya."

"Su tarar ruwa ba magani, ɗaki kuma cike da buhunan da takarda ta ce an yi amfani da su."

"Da safe ya sa na kwashe ashirin da biyu a baro na kai bakin tanki. Ya ce mota za ta zo ta ɗauka. Wallahi haka ya ce mini. Da muka dawo masallaci babu buhu ko ɗaya, ban kuma ga sawun mota ba."

"Ka gan shi a masallaci?"

"Shekara goma sha huɗu takalminsa na kusa da nawa a bakin ƙofa. Yau babu."

Kamsani ya dubi agogo. Biyar da minti ashirin. Ya murɗe kan siririn bututun ya buɗe, ruwan tanki ya fara tsiyaya cikin akwatin.

"Zauna nan, Pak. Ka zuba musu ido."

Babban bawul yana can ƙarshen gadar ƙarfe da ta ratsa saman tanki: wata zagayayyiyar ƙafar ƙarfe da ake murɗawa, mai faɗin tayar mota, naɗe da sarƙa. Encik Shahrom ya riga ya isa, tare da leburori biyu da almakashin yanka ƙarfe. Hadari ya haɗo ta gabas, iska tana kaɗa rigarsa.

"Saura minti biyar, Sufeto. Maigidanka ya yi magana."

"Na ji shi. Kafin nan, ƙishirwa nake ji."

Nyalong ya taho daga ofis riƙe da kofin tagulla, da guntun sarƙar da ya tsinko yana lilo. Ya cika shi taf daga famfon bango. Kamsani ya karɓa ya miƙa wa Manaja da hannu biyu, cikin ladabi.

"Al'adar gidan nan ce mai gida ya fara. Ɗazu ka manta, ka ba mu na roba."

"Wannan wane irin wasa ne?"

"Ba wasa ba ne. Ruwan da za ka aika wa mutum dubu tamanin ne. Sha rabi, in sha rabi, a datse kwaɗo."

Leburorin suka dubi maigidansu. Sun ga ya sha daga kofin nan sau ɗari, wani lokaci har da lumshe ido don mai ɗaukar hoto. Encik Shahrom ya karɓa. Ya kai shi har gaban leɓe. Hannunsa ya ɗaga, hannun riga ya zame, wuyan hannun ya fito jajur, duk ya yi bororo, kamar na wanda ya yini yana dama farar ƙasa ba safa.

"Azumi nake yi," ya ce.

"Akwai sauran shayi a kofinka na ofis, da ɗuminsa," in ji Nyalong.

Daga ƙasa sai muryar Pak Sudin ta taso. "Yallaɓai! Sun fara juyewa! Biyu sun yi ciki sama!"

Leburan da ke riƙe da almakashi ya ajiye shi a hankali a kan gadar, ya ja da baya.

Encik Shahrom ya watsa wa Kamsani ruwan a ido, ya bi shi da kofin a baki. Tagulla ce ta gaske, ta zamanin da ake yin kaya don su daɗe. Kamsani ya ji wani abu ya ɓalle a bakinsa, ya faɗi da gwiwa ɗaya. Manaja ya wawuri almakashin, ya kai wa Nyalong sara a kafaɗa, ƙashi ya amsa, Saja ya zube jikin ƙarfen gadar. Sa'annan mutumin da bai taɓa ɗaga abin da ya fi fayil nauyi a gaban jama'a ba ya danna bakin almakashin a wuyan kwaɗon, ya hau kansa da dukan nauyinsa, yana gurnani.

Kamsani ya tashi ya rungumo shi ta baya. Suka zube a kan gadar, suka yi birgima har bakin ruwa. Shahrom ya cije shi a hannu, ya kai masa yatsu ido. Kamsani ya kama gashinsa ya buga goshinsa da ƙarfe sau ɗaya, sau biyu, a na uku jikin ya saki. Ya murɗe hannayen baya ya sa ankwa a kan bororon, bai kuma nemi inda ba zai yi zafi ba.

Kwaɗon ya tsage har rabi. Rabin da ya saura ya riƙe.

Aka jingina Manaja da ƙafar bawul, jini yana bin girarsa yana ɗiga a rigar Juma'a. Da numfashinsa ya dawo, ya fara magana a natse, da irin muryar da yake karanta rahoton shekara.

"Da ya gauraye. Tanki babba ne. Da an buɗe, kafin safiya ya bi gari ya tsinke, gobe a auna a sami magani, a duba ɗaki a sami buhu uku. Komai ya yi daidai da takarda."

"Masu wankin ƙoda fa?" in ji Kamsani, yana tofar da jini.

"Ban lissafa da su ba."

"Thanabalan?"

"Na ce masa ya ba ni makullin, ya ƙi. Na roƙe shi da girman shekarun da muka yi tare. Na ce kwana ɗaya kawai nake nema. Ya ce kifinsa sun mutu cikin minti goma, shi kuwa jikokinsa a bakin kasuwa suke shan famfo. Na ɗauki sifana don in tsorata shi. Na karya yatsa ɗaya, ya yi shiru. Na karya na biyu. A na uku ya buɗe hannun, babu komai a ciki, ya dube ni yana dariya." Ya rufe ido. "Dariyar ce. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa yi mini dariya a gidan nan. Sifanar tana cikin tanki, tare da buhunan."

"Ka san inda makullin yake?"

"Na duba ko'ina."

"Ban da inda ya sa shi."

Aka sauko da shi daga gadar, leburori biyun suna tallafe da Nyalong a baya. Da suka zo wucewa ta ƙofar ofis, ƙarƙashin hotunansa yana shan ruwa a gaban manyan baƙi, Encik Shahrom ya tsaya ya roƙi a bar shi ya kulle durowar fayil. Kamsani ya tura shi cikin mota.

A daren nan famfunan Kuala Sentang ba su kawo ko ɗigo ba, haka washegari, haka jibi. Motocin ruwa suka riƙa zagaya unguwanni, mutane suna bin layi da bokiti suna zagin 'yan sanda da suka hana a datse kwaɗo. Da sakamakon gwaji ya zo daga jiha, an ce abin da ke cikin tankin ya ninka ƙa'ida sau tamanin da wani abu. Shugaban 'yan sandan gunduma ya kira 'yan jarida, ya bayyana musu yadda tun farko ya ba da umarni kada a kuskura a buɗe.

Ranar da aka ƙona gawar Thanabalan bisa al'adar addininsu, Tsoho Yeoh ya zo da ɗinki bakwai a gira, ya tsaya can baya riƙe da kofin gahawa ɗaya da ba wanda zai sha. Ƙanen marigayin, wanda ya take masa hannu, shi ya je ya jawo shi gaba.

Wata biyu bayan haka aka kawo sabon inji, aka koma barbaɗa garin haƙori a awonsa, Yeoh kuma ya koma ƙofar gidan ruwa da kwalinsa duk Juma'a, sai dai yanzu ba mai amsa masa daga ciki.

Shi kuwa Sufeto Kamsani, likitan haƙori ya duba gurbin da kofin tagulla ya bar masa a gaba, ya ce abin takaici ne, domin haƙorin da ya fita lafiyayye ne sarai, ko ɗigon ruɓa babu. Ya tambaye shi ko a ruwan famfon garin nan ya tashi.

Kamsani ya ce a nan ya tashi. Ya kurkure baki, ya tofar, ya tambaya nawa ne haƙorin roba.